Tulu Ɗaya Daga Birnin Hadari

A wannan dare na tsakiyar bazara ban runtsa ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na yayyafa mata ruwa, kafin in juya sau biyu ta bushe. Ganyen darbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi. Amma abin da ya fi zafin hana ni barci shi ne tambayar da Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya yi mini ta waya bayan isha'i.

"Muntari, gobe mu yi bizne ko mu dakata? Kai ne ka karanta sama."

Bizne shi ne a binne iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da shi yana jira. In ruwan ya zo da ƙarfi, mai bizne ya riga kowa, geronsa na kai gwiwa lokacin da na wasu ke leƙowa. In kuwa yayyafi aka yi, wanda ba zai wuce fatar ƙasa ba, sai iri ya ruɗu ya tsira, rana ta fito ta ƙone shi a cikin raminsa. Bara damina ta yi gardama a ƙauyenmu, Tungar Gawo, har mutane suka ci abin da ya kamata su ajiye. Abin da ya rage wa Kawu gora ɗaya ce, ta wani gero mai jan kai da kakanninmu suka zo da shi, wanda ba a samu a kasuwa. Ba ta kai a raba ta biyu ba. In ta ƙone, irin ya tafi ke nan, gidanmu kuma ya shiga shekara ta biyu ta yunwa.

Ni ma'aikaci ne a wata tashar lura da yanayi da ke bayan gari. Na yi shekaru a jami'a ina koyon yadda zafi ke ɗaga iska, da yadda laima ke zama gajimare. Kowace safiya nakan aika wa gidan rediyo hasashe, kuma na ƙware a irin maganar da ba ta kama mai ita: akwai yiwuwa, a wasu wurare, wataƙila da la'asar. Lissafinmu ya nuna zafi zai kai maƙura, laima ta fara shigowa daga kudu, yiwuwar hadari da la'asar rabi da rabi. A ofis wannan amsa ce. A gona kuwa irin da ya shiga rami ya shiga. Ga kuma wani abu da ke ta yi mini kaikayi a zuciya: balan-balan ɗin awo da muka saki ta nuna wata busasshiyar iska kwance tsakanin ƙasa da gajimare. Na gani, amma ban san nauyin da zan ba ta ba.

Na ce wa Kawu zan kira shi kafin la'asar. Ya ce, "To, Allah ya kai mu. Amma shamuwa ta iso, kuma mutane sun wasa sungumi."

Washegari da rana tsaka na fita filin tashar don karanta ma'aunin zafi, wanda ke cikin wani farin akwati mai ƙafafu. Tsuntsaye sun yi tsit. Gumi ya manne mini riga a baya. Ina buɗe akwatin sai na ji wani sauti kamar ana sheƙar hatsi, na waiwaya, sai ga guguwa ta miƙe a tsakiyar fili, doguwa, siririya, tana tahowa ba gaggawa. Tun muna yara ake ce mana mu kauce wa guguwa don ba ita kaɗai take tafiya ba. Na so in kauce, ƙafa ta ƙi. Na yi bisimilla, ta rufe ni.

Da na buɗe ido, na same ni tsaye a kan wani faƙo ja wanda ba shi da iyaka. A gabana ga wata shamuwa da ta fi raƙumi tsawo, baƙar riga, farin ciki, tana kallona da ido ɗaya.

"Salamu alaikum, ya kai ɗan Adam," in ji ta. "Shekara da shekaru nake zuwa ƙasarku da albishir ban taɓa neman tukuici ba. Yau an ce in kai ka ka ga inda ake ƙera abin da kake ba da labarinsa. Kana da ƙarfin hali?"

Na amsa sallama na ce, "Ba ni da shi, amma ina da tambaya."

Ta ce, "Ita ma guzuri ce. Biyo ni."

Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙarar guduma. Faƙon ya cika da maƙera, jajaye kamar garwashi, kowane ɗaya ya kai tsawon giginya. Hasken rana suke kamawa da awartaki, su ɗora a kan ƙasa su yi ta duka har ƙasar ta ɗauki zafi ta fara rawa. Babbansu, mai gemun hayaƙi, ya sunkuyo har na ji girata na ƙauri.

"Wannan ne mai auna aikinmu da ɗan tsinken gilashi?" ya tambayi shamuwa. Maƙeran suka bushe da dariya, tartsatsi na fita daga bakinsu.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Maƙera, ni ne. Jiya na rubuta cewa aikinku ya kai maƙura."

"Maƙura!" Ya gyara tsayuwa. "Yaro, ba ka ga maƙura ba. A maƙerarmu baƙo ba ya wucewa hannu rabbana. Kama zugazugi."

Zugazugin na fatar wata dabba ne da ban sani ba, bakinsa ya kai ƙofar zaure. Na rungume shi na danna da dukan jikina. Tafin hannuna ya sale, numfashina ya zama wuta, na ji kamar ƙwaƙwalwata za ta tafasa. Na tuna gorar Kawu, na sake dannawa. Sai ƙasa ta yi wani nishi, wani ginshiƙi na iska mai zafi ya tashi daga gabana, garai-garai kamar ruwa, yana murɗawa yana hawa har ya ɓace a sama. Na duba dama da hagu, ashe dubbai ne irinsa, sun tsaya reras kamar dajin da ba shi da ganye.

"A kan waɗannan ake ɗora birnin hadari," in ji Sarkin Maƙera. "Tun hantsi muke kafa su, la'asar na yi a rushe, gobe mu sake. Je ka, ka biya kuɗin hanya."

Shamuwa ta ce in riƙe wuyanta. Muka faɗa cikin ginshiƙin da na tayar, ya yi sama da mu kamar an harba kibiya. Na ga faƙon ya ƙanƙance ya koma kamar faifai, sa'an nan muka sauka a kan wata hanya da aka shimfiɗa a kan iska, faɗinta bai wuce tabarma ba, babu komai a ƙarƙashinta sai sarari.

A kan hanyar wani ayari ke tahowa daga kudu, mata zalla, farkonsu a gabana, ƙarshensu a can inda sama ta haɗu da teku. Kowace na ɗauke da tulu a ka, sabo, baƙi, yana tsattsafo. Ba sa magana, sai wata waƙa da suke yi a maƙogwaro wadda ta sa tsigar jikina tashi. Na leƙa ƙasa, sai na hango garuruwa, mutane zaune a gindin itatuwa suna fifita, suna share wuya. Tsattsafon tulunan nan ne ke sauka a kansu ba su gani, shi ne gumin da ke hana su barci.

Wata tsohuwa mai zane shuɗi, wadda ke gaban ayarin, ta ɗaga sanda, duk suka tsaya cak.

"Wane ne ya tare wa ruwa hanya?"

Shamuwa ta ce, "Magajiyar Laima, baƙo ne. Shi ne mai faɗa wa mutane ranar isowarku."

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne? Ikon Allah! Ɗan nan, mu da ke ɗauke da kayan ba mu san ranar isowarmu ba. In iskar kudu ta tura mu, mu yi gaba. In ta arewa ta taso, mu koma da baya har mu rasa masauki. Kai wa ke gaya maka?"

Na ce, "Iya, lissafi nake yi. Wani lokaci ya faɗa daidai, wani lokaci ya kauce."

"To, ka fi wasu gaskiya. Shiga sahu. Amma ka sani, wanda ya bi ayarinmu ba ya duban baya, kuma in ka ji an yi kururuwa ka kwanta."

Muka yi ta tafiya. Can sai aka yi kururuwar. Na kwanta rub da ciki na rungume hanyar, wata iska mai kaifi ta ratsa ta kanmu daga arewa, na ji tuluna na fashewa, fas, fas, ruwansu na watsewa ya ɓace tun bai faɗi ba. Hanyar ta yi lilo har ƙafafuna suka yi reto a sarari, shamuwa ta cafke ni da baki ta mayar. Da abin ya lafa, matan suka tashi suka kakkaɓe zannuwansu. Waɗanda tulunansu suka fashe suka juya kudu ba ko tsaki, sauran suka ci gaba da waƙarsu daga inda suka tsaya.

Magajiya ta ce mini, "Mu 'yan gaba ne, ba mu da yawa. Uwar ayarin na baya."

Azahar ta gota lokacin da na ga birnin.

Na sha ganin hadari a hoton tauraron ɗan'adam, ɗan farin tabo a kan gilashi. Ban taɓa tsammanin haka yake ba. Ganuwarsa fara ce fat kamar audugar da aka kaɗa, gindinta kuwa baƙi ƙirin, zaune a kan ginshiƙan maƙera. Ina kallo yana girma. Magina, farare masu dogayen hannuwa, suna karɓar tuluna daga kan mata, su tsiyaye ruwan a tafin hannu, su hura masa sanyi, sai ya dunƙule ya zama tubali. Wannan ya cilla wa wancan, wancan ya cilla wa na sama, soro a kan soro, hasumiya a kan hasumiya, kowane zaure na haifar wani zaure. Can ƙololuwa, inda ido ke gajiya, ginin ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Na tsaya baki buɗe ina tasbihi, hawaye na zuba ban san dalili ba.

Muka shiga ta wata ƙofa wadda ba ta nan ɗazu. A ciki babu matakala, iska ce ke ɗaukar mutum daga hawa zuwa hawa. Muka wuce rumbunan ƙanƙara, cike maƙil, suna ƙyalli. Muka wuce wani zaure inda makaɗa ke zaune gaban tambura masu girman tafki, sanduna a ɗage, suna jiran umarni. Sanyi ya kama ni har haƙorana na karo, ni da ɗazu na kusa narkewa.

A saman soro na ƙarshe muka tarar da Sarkin Magina. Dattijo ne mai rawanin gajimare, fuskarsa na sauyawa kamar yadda hadari ke sauyawa, yanzu fari, yanzu toka. A hannunsa akwai wata igiya a naɗe, mai hasken da ban iya kallo ba. Ina isowa ya sake ta ƙasa don ya auna tsawon gininsa. Duniya ta yi fari fat. Kafin in dawo hayyacina ya naɗe abarsa, makaɗan ƙasa suka saki tambura, birnin duka ya girgiza.

Na faɗi na yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, Sarkin Magina, mai ginin da ba ya kwana. Na zo da tambaya ɗaya. Wannan birni a ina zai sauka? Zai kai Tungar Gawo? In ya kai, zai jiƙa ƙasa har zuwa inda iri yake?"

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mutanenku na zaton mun san gaibu. Ba mu sani ba. Tun kafin a haifi kakan kakanka nake wannan gini, ban taɓa sanin inda zai sauka ba sai ya sauka. Ginawa aka ba mu. Saukarwa na hannun Wanda ya halicce mu da ku."

Na ce, "Ashe na sha wuta da iska a banza."

"Baƙo ba ya barin gidanmu a banza." Ya yi nuni, aka kawo wani tulu, ƙarami a ido. "Abin da ke cikin wannan ya isa ya jiƙa gonakin ƙauyenku har zurfin kamu guda. Kyauta ce. Ka sauka da shi a ka. Abin da ya isa ƙasa, rabon ƙasa ne."

Aka ɗora mini. Wuyana ya nutse, na ji kamar kogi aka aza mini, amma zuciyata ta yi fari. Na riga na hango Kawu yana dariya, gero na kaɗawa.

A bakin ƙofar ƙasa shamuwa ta tsayar da ni. Muryarta ta sauya. "Saurara da kyau. Tsakanin gindin birnin nan da ƙasarku akwai wata al'umma, ana ce musu Masu Ƙishi. Tun kaka suke zaune a wannan sarari, ko ɗigo bai taɓa harshensu ba. Ba sa ƙwace, ba sa sata. Amma dokarsu ita ce, sai an amsa musu sallama suke da ikon roƙo. Ka rufe bakinka, ka sa ido a ƙasa, ka wuce. In ka amsa, ba ruwana."

Na ce na ji. Muka fara gangarawa ta wata hanya mai launin toka.

Tun ban gan su ba na ji su, wani irin sauti kamar busasshen kara na gogar juna. Sai ga su, hagu da dama, zaune a jere a kan iska, iyakar ganina. Jikinsu kamar ganyen da ya shekara a ƙasa. Leɓɓansu sun tsattsage kamar bakin tafki a ƙarshen rani. Babu wanda ya miƙo hannu. Idanuwansu kawai ke bin tulun.

Na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Na wuce sahu na farko, na wuce na biyu. Sai wata murya, a hankali, irin ta dattijon da ya saba a girmama shi, ta ce, "Salamu alaikum, ɗan samari."

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. A gidan da na tashi, yaron da ya ji sallamar babba ya yi shiru sai ya sha mari kafin ya san laifinsa. Bakina ya riga hankalina. "Wa alaikumus salam, Baba."

Shamuwa ta yi wani ƙara ta kau da kai.

Dattijon ya ce, "Allah ya yi maka albarka. A taimaka mana da ruwa."

Nan na tsaya, tulu a ka. Ina iya cewa a'a. Babu wanda zai taɓa ni. A ƙarƙashina, ta wata kafa a cikin hazo, ina hango Tungar Gawo ƙarara, har da gawon da ke gonar Kawu, da mutane kamar tururuwa suna sara da sungumi. Amma a Tungar Gawon nan ne aka koya mini cewa ko maƙiyinka ya roƙi ruwa ba a hana shi, kuma randar ƙofar gidan Kawu ba ta taɓa bushewa ba, ko a bara. Na yi ƙoƙarin haɗa kalmar hani, ta ƙi haɗuwa a bakina.

Na sauke tulun na karkata masa. Ya sha kurɓi uku, ya ɗauke kai, ya ce, "Na bayana ya fi ni buƙata." Na bayansa mace ce da goyo. Ta jiƙa yatsa ta sa wa ɗan a baki kafin ta sha. Daga nan ban sake ƙirga ba. Na yi ta bi sahu-sahu, suna sha da ladabi, ba turereniya, kowa na tura ni ga na gaba. Duk wanda ya sha sai in ga jikinsa ya ɗan warware, kamar ganyen da aka tsoma a ruwa. Tulun da ya kusa karya mini wuya ya yi ta sauƙi har na riƙe shi da hannu ɗaya, ga kuma sahun da ban kai ba ya fi wanda na wuce nesa ba kusa ba.

Da na girgiza shi, abin da ya rage bai fi a wanke fuska ba.

Dattijon farko ya matso. "Ka ga yadda muke. Duk birnin da aka rushe a sama, ruwansa ta kanmu yake bi. Ba mugunta ba ce, ɗan samari. Ba mai wuce mu da ruwa sai mun ƙoshi, mu kuma ba ma ƙoshi da tulunan 'yan gaba."

Na ce, "Baba, yaushe za ku ƙoshi?"

"Wannan sai Allah. Amma kai mai awo ne, ka riƙa dubanmu. Ranar da ka ga leɓɓanmu sun haɗe, abin da ya zubo zai isa ƙasa da ƙarfinsa."

Sai a lokacin na gane su. Su ne busasshiyar iskar da balan-balan ɗinmu ta nuna, wadda na kwana ban san nauyinta ba. Yanzu na san shi, don a wuyana na ɗauka.

Shamuwa ta ce, "Na gaya maka kada ka amsa."

Na ce, "Kin gaya mini."

"Duk wanda na kawo daga ƙasarku sai ya amsa. Ban san abin da ke damunku ba." Ta buɗe fiffike ta kaɗa mini iska a fuska.

Na farka a gindin farin akwatin, ƙofarsa a buɗe, tafin hannuna a sale, wuyana ba ya juyuwa. A gabas hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, kansa ya baje, ya cinye rabin sama. Na kira Kawu, waya ba ta shiga. Na hau babur.

Na isa gonar iska ta fara kaɗawa, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. An gama saran ramuka, layi-layi har bakin gawo. Kawu na tsaye da sungumi a kafaɗa. Matarsa, Inna Dije, ta riga ta juye irin a ƙwarya, tana jira a ce a fara. A gonar da ke maƙwabtaka, Tanimu Dogo, abokin wasan Kawu, shi da 'ya'yansa sun yi nisa da binnewa.

Kawu ya washe baki. "Ka ga ɗan halak! Ai ba sai ka faɗa ba, sama ta faɗa da kanta. Dije, bisimilla."

Na ce, "Kawu, a dakata."

Ya dube ni, ya dubi gabas, ya sake dubana. "A dakata? Kai, Muntari, ɗaga kanka mana."

"Na ɗaga, Kawu. Akwai ruwa a sama, amma iskar da ke ƙarƙashinsa busasshiya ce. Ita za ta sha kafin mu. Abin da zai iso mu ba zai wuce ya tayar da iri ba."

Tanimu ya jiyo, ya dogara da sunguminsa ya ɗaga murya. "Ilu! Ɗan bokonka ya zo ya kore mana ruwa? Ka ce masa ya koma rediyo ya ce wataƙila, mu nan mun ga zahiri!" 'Ya'yansa suka kwashe da dariya.

Kawu ya ce, "Kai dai binne naka, Dogo, tsawonka bai sa ka hango komai ba." Sa'an nan ya matso kusa da ni, ya rage murya. "In muka bari wannan ya wuce, kuma ya zo da ƙarfi, Tanimu zai yi mini dariya har kaka. Wannan ba komai ba ne. Amma rumbu babu kome, Muntari. Duk kwanan da muka yi jinkiri, kwanan yunwa ne aka ƙara mana. Ka tabbata?"

Duk kalmomin da na saba fakewa a bayansu suka taso mini a maƙogwaro. Na haɗiye su.

"Tabbas na Allah ne, Kawu. Amma ka tambaye ni, ga amsata: kada a binne yau. In na yi kuskure, ni na faɗa, a gaban kowa."

Aka yi walƙiya, cida ta biyo baya, doguwa, har ƙasa ta amsa. Inna Dije ta dubi mijinta. Ya sauke sungumin daga kafaɗa ya kafa shi a ƙasa, ya tsaya yana kallon ramukan da ya yini yana sara.

Na miƙa hannu biyu, Inna Dije ta sakar mini ƙwaryar. Na durƙusa na jawo gorar, na kafa tafin hannu a bakinta, na riƙa tsiyaya irin a hankali don kada iska ta ɗauki ko ƙwaya. Da ya shige duka, na toshe bakin da totuwa, na cire rigata na naɗe gorar a ciki.

Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, babba, mai sanyi. Wani ya faɗi a gabana ya tayar da 'yar ƙura, wani can nesa, ɗai-ɗai, kamar ana rowarsu. Na rungume gorar na kama hanyar gida, Kawu na biye da ni. A can sama da kanmu, a ƙarƙashin tambura, ina jin wani sauti siriri da ba wanda ya ji sai ni, na maƙogwaro masu yawa suna sha.